Tsibirin da Muka Gina a Tsakar Gida

A shekarar da na gama sakandare ina zaune gida a Daura ina jiran sakamako, sai na ƙudurta zan rubuta littafi, kuma a tsibiri labarin zai faru. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan unguwarmu, wanda kan cika idan damina ta yi nisa, ya bushe kafin a gama kai gero gida.

Kawuna ne ya jawo abin ba tare da ya sani ba. Ƙanin mahaifiyata ne, falken shanu, yana sayowa daga kasuwar Mai'aduwa yana kaiwa Kano. Wata rana ya dawo da kalanda da wani mai sayar da maganin dabbobi ya ba shi. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, gidaje da yawa sun sauke hotunan mutane daga bango, amma wannan kalanda babu mai rai a jikinta. Wani ɗan tudu ne kawai a tsakiyar ruwa shuɗi, da farin yashi, da itatuwa masu kama da giginya amma sun fi ta ranƙwafawa. Mahaifiyata ta rataye ta a ɗakinta. Kullum na shiga shara sai na tsaya ina kallo, ina tambayar kaina abin da ke bayan itatuwan nan.

Na karanta littattafan haya da yawa a lokacin, irin waɗanda muke karɓowa a wani ɗan shago kusa da tasha, kuma kusan duk a manyan gidajen birni suke faruwa. Ni wurin da babu wanda ya sani nake so, don kada wani ya ce na yi kuskure. Ashe wahalar ke nan. Na rubuta shafi biyu a kan kyan yashi da sanyin iska, daga nan na tsaya cak. Ban san me mutanen wurin suke ci ba. Ban ma san ko ana shan ruwan da ya kewaye su ba.

Mahaifina malami ne, yana ba da karatun littattafai ga magidanta a zaurenmu bayan asuba da bayan la'asar. Sunan mahaifiyarsa aka saka mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ita kuwa kakata, wadda muke kira Iya, takwara take ce mini. Ban yi niyyar gaya masa abin da nake yi ba, domin ban san yadda zai ɗauki ƙagaggen labari ba, musamman a wannan lokaci da kowa ke ta tambayar hukuncin komai, tun daga kiɗan biki har hawan mata a bayan ɗan acaɓa. Sai na zagaya. Da na kai masa fura da rana na tambaye shi, kamar wadda abin ya faɗo mata kawai, ko ana alwala da ruwan teku.

Ya ce ana yi, ruwan teku mai tsarki ne ko da yana da gishiri. Ya sha furarsa. Sannan ya dube ni ya tambaya ko ina da shirin tafiya ne bai sani ba.

Dole na faɗa masa gaskiya. Na tambaye shi kai tsaye ko abin da nake yi ƙarya ne.

Ya ce, "Idan kin gaya wa mai karatu cewa ƙagawa kika yi, wa kika yaudara? Magabatanmu ma sun cika littattafai da mas'alolin da ba su taɓa faruwa ba. Su ce a ƙaddara mutum ya faɗa wuri kaza, me zai yi. Ke dai kada ki sa mutanenki su yi abin banza ki yabe shi." Ya ajiye ludayi, ya gyara zama. "To wannan tsibiri naki, ina alƙiblarsa take?"

Ban sani ba. Daga wannan rana tsibirin ya fita daga hannuna ni kaɗai.

Bayan ya sallami masu karatun la'asar sai ya shigo tsakar gida, a shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin darbejiya, ya ce in kawo takarduna. Abu na farko da ya gyara mini shi ne ruwan sha. Ya ce ruwan gishiri ba ya kashe ƙishirwa, ƙara ta yake yi, kuma babu garin da ya taɓa kafuwa ba rijiya, in duba tarihin garinmu ma da rijiyar Kusugu ya fara. Muka haƙa wa tsibirin rijiya a gindin tudun da ke tsakiya. Ya tambaya ko ruwanta zai yi zartsi saboda kusancin teku. Babu wanda ya sani a cikinmu. Washegari ya dawo da amsa daga wani ɗalibinsa, malamin makarantar boko, wanda ya ce ruwan sama kan taru a ƙarƙashin irin wannan ƙasa, ya zauna a saman na gishiri ba su gauraya ba. Wannan ya burge mahaifina ƙwarai, ya yi kwanaki yana maimaita shi ga duk wanda ya zo.

Sai batun ganin wata. Idan babu rediyo, babu manzo daga Sarki, to mutanen tsibirin da ganin idonsu za su ɗauki azumi, kuma mai yiwuwa su yi Salla duniya duka na azumi ba su sani ba. Ya ce babu laifi a kansu. Na ga yana murmushi shi kaɗai, ya ce lallai waɗannan mutane sun huta da gardamar ganin wata da muke sha kowace shekara. Ya kuma shiga binciken ko kifi yana da zakka, da abin da za su fitar na fidda-kai idan babu gero ba dawa. Har littafi ya aiko a ɗauko masa daga zaure, ya buɗe a gabana yana bin layi da yatsa. Ban taɓa ganinsa da irin wannan ɗoki ba. Masu zuwa wajensa da tambaya yawanci rigimar gado ko saki suke kawowa, fuska a murtuke. Wannan kuwa tambayoyi ne da babu wanda zai yi kuka a ƙarshensu.

Kawu ya tarar da mu a haka ranar wata Litinin da ya biyo ta gidanmu. Da aka ba shi labari ya yi dariya har hularsa ta zame, amma bai tafi ba. Tambayarsa ta farko shanu. Na ce babu. Ya ce to ba gari ba ne, zango ne. Muka yi ta jayayya a kan yadda za a ƙetarar da saniya a kwalekwale, daga ƙarshe ya haƙura da awaki, ya ce akuya ko a kan dutse aka ajiye ta za ta sami abin ci. Ya nemi sanin ranar kasuwa. Na ce mutanen ba su da yawa, kowa ya san abin da ke gidan kowa. Ya yi tunani, ya ce a gefe guda ya so wurin, tunda babu iyaka irin ta Kongolam, babu mai tsayar da kai ya leƙa motarka. Amma a ɗaya gefen, inda babu iyaka babu riba, domin riba tana zuwa ne daga abin da yake da araha a can da tsada a nan. Ya ba da shawara a yi wani tsibirin a nesa, wanda yake da abin da namu ba shi da shi. Gishiri muke da shi da busasshen kifi, su kuma suna da hatsi. Na rubuta.

Haka muka yi makonni. Tsibirin ya sami masallaci na itace, da maƙabarta a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, da wata iska mai zuwa sau ɗaya a shekara wadda ita kaɗai ke ba da damar tafiya ɗaya tsibirin. Mahaifiyata ma, tana tankaɗe a gefe, ta jefo cewa in tuna matan wurin suna bukatar abin kaɗa miya, don ba ta yarda akwai kuka ko kuɓewa a cikin yashi ba.

Iya kuwa tana zaune a ƙofar ɗakinta kullum tana ɓarar gyaɗa, kunnenta na wajenmu. Ran nan da na karanta musu duk abin da muka tara, ta ce, "Takwara, kin gina gari kin share, ba ki zuba mutane ba. Wa ke ciki? Me ya dame shi?"

Gaskiya ta faɗa. Ina da rijiya da alƙibla da awaki, ba ni da labari. Na kwana biyu ina juya abin, sai na ɗauko iskar nan mai zuwa sau ɗaya a shekara. Na ce a ƙaddara wani magidanci ya shiga kwalekwale da gishiri zai kai ɗaya tsibirin, iskar ta juyo, abokan tafiyarsa suka dawo, shi bai dawo ba, kuma babu wanda ya ga mutuwarsa. Matarsa ce za ta zama tauraruwar labarin.

Mahaifina ya karɓe nan take, don wannan babi ne da ya sani. Ya ce matar wanda ya ɓata takan kai ƙara ga alƙali, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba, ta sami damar yin aure. Na ce tsibirin ba shi da alƙali. Ya ce to jama'ar Musulmin wurin, dattawansu masu adalci, su ne a madadinsa. Kawu ya tambaya wa zai ci awakin mutumin kafin nan. Suna cikin wannan na ce ni kuma zan sa matar ta riƙa zuwa bakin ruwa kullum da yamma tana kuka tana duban hanya.

Daga ƙofar ɗakinta Iya ta ce, "Ba haka ake yi ba."

Duk muka juya. Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin gyaɗa. Mahaifina ya dubi ƙasa, ya ce lokacin magariba ya gabato, ya ɗauki butarsa. Kawu ya bi shi.

Washegari da hantsi, maza sun fita, ta kira ni in taya ta ɓara. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba, ko da yake daga baya na gane manya duk sun sani, kunya ce ta hana a yi zancen. Kafin kakana, Iya ta yi wani aure. Mutumin majemi ne, suna zaman lafiya, ba su kai ga haihuwa ba. Ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, irin tafiyar da kan ɗauki shekaru ana yada zango ana aiki ana tara guzuri. Ya ce ta jira shi. Bai dawo ba.

Ta ce kuka na farkon watanni ne kawai, shi ma a ɗaki, ba a bakin hanya ba. Bayan haka akwai daka, akwai ɗiban ruwa, akwai surukai da za a yi wa tuwo. Abin da ya fi damunta shi ne labarai. Duk alhajin da ya dawo sai a je a tambaye shi. Wani ya ce ya gan shi a Sudan yana aikin auduga, lafiyarsa lau. Wani ya rantse da shi aka binne shi a bakin Bahar Maliya. Wani ya ce ai ya zama mai shago a Makka. Kowane labari sai ta zauna a cikinsa wata da watanni, kafin wani ya zo ya rushe shi. Ta ce akwai ranar da ta so ta tuna fuskarsa ta kasa, sai tafiyarsa kawai take iya gani, don yana ɗan jan ƙafar hagu. Wannan ya fi ba ta tsoro a kan komai. Daga baya iyayenta suka kai magana gaban alƙali, aka yi yadda ake yi, ta auri kakana, ta haifi 'ya'yanta, kuma ta ce ba ta da abin da za ta ce wa Allah sai godiya.

Na tambaye ta ko har yanzu tana tuna shi. Ta yi dariya, ta ce in daina kallonta da idon littattafan haya.

"Ba so ba ne, takwara, son sani ne. Ina ya tsaya? Me ya gani da ya hana shi juyowa, in dai ba mutuwa ba ce? Wataƙila yanzu haka akwai wasu yara a wata ƙasa masu irin goshinsa, suna wani yare da ban sani ba." Ta watsa ɓawo a ƙasa. "Tunda ke kina iya ƙaga gari, ki ƙaga mini inda mutumin labarinki ya je. In ji."

Na ce zan yi. Amma na ga akwai abin da har yanzu ban sani ba, wato yadda mutum ke ji idan ruwa ya kewaye shi kuma abin hawansa ya tafi. Da na faɗa wa Kawu, ya ce wannan mai sauƙi ne, akwai wani dam a wajen gari inda makiyaya ke shayarwa, kuma idan ya cika akwai tudun da ruwa ke zagayewa. Mahaifina ya ce zai bi mu, wai don kada a ce 'yarsa ta fita ba muharrami, alhali Kawu muharramina ne, kowa ya san haka.

Muka tafi da safe a motar wani abokin Kawu. Tsibirin da na gani ya ba ni kunya. Bai fi filin masallacin unguwa ba, ƙasa ce baƙa mai danƙo, da wani gawo guda ɗaya da kashin balbela ya mayar fari. Ruwan ba shuɗi ba ne, kalar koko yake, yana ƙarnin kifi. Wani masunci ya yarda ya ƙetarar da mu. Mahaifina ya tsaya a bakin ruwa ya daɗe yana duban kwalekwalen, ya tambayi mutumin shekararsa nawa yana wannan aiki, sannan ya naɗe rigarsa ya shiga da bisimilla a bayyane. Bai saki gefen jirgin ba har muka isa.

Da muka sauka na roƙi masuncin ya koma bakin gaɓa ya bar mu na ɗan lokaci. Na tsaya ina kallonsa yana nisa. Ga gaɓar can ina gani, ga shanu, ga ma motar da ta kawo mu, amma duk da haka ji nake an yanke ni daga gare su. Sautin duniya ya canza. Muryoyin makiyayan suna zuwa ta kan ruwa raɗau, amma da na ɗaga murya don gwaji babu wanda ya waiwayo. Kawu ya zagaye tudun ya dawo, ya ce akuya biyu za su cinye shi kafin Juma'a. Mahaifina kuwa ya tsaya ya dubi rana, ya juya a hankali, ya nuna da hannu ya ce gabas nan ce. Sannan ya tsuguna ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wannan kam babu gishiri.

Na rubuta labarin a sauran watannin da suka rage mini a gida. Duk babin da na gama sai na karanta wa Iya. Matar ba ta je bakin ruwa ta yi kuka ba ko sau ɗaya, gishiri take dafawa, masunta suna kawo mata labarai masu karo da juna. Mijin kuma na kai shi wani tsibiri na uku da babu wanda ya san da shi, inda kwalekwalensa ya fashe, mutanen wurin ba su san ƙira ba, ya zama maƙerinsu. Iya ta saurari wannan babi ido rufe. Ta gyara mini abu ɗaya, ta ce mutum irin wannan ba zai zauna shekaru bai gwada sassaƙa wani jirgin ba ko sau ɗaya, in sa ya gwada ya kasa, daga nan sai ya haƙura. Na sa. Ta ce yanzu ya yi.

Sakamako ya fito, na sami gurbi a kwalejin horon malamai a Katsina. Na tafi da rubutun a ƙasan akwatina. Wata 'yar ɗakinmu ta gani ta ara, daga hannunta ya bi ɗakunan kwanan 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ban sani ba suna tare ni a wajen famfo suna tambayata me ya sa ban bar mijin ya dawo ba. Wata 'yar Funtuwa ta ce ita da za ta rubuta, ɗan da ya haifa a can ne zai taso ya zo neman tsibirin ubansa. Wata ta ce a'a, matar ce ya kamata ta shiga jirgi da kanta. Suka kama gardama a tsaye, bokitansu na cika suna zuba. Na ce kowace ta je ta rubuta nata. Biyu daga cikinsu sun rubuta, kuma na 'yar Funtuwa ya fi nawa daɗi.